Talotalon Mai Lofe Ya Shiga Gari

Duk tsufan nan nawa, ban manta da Kirsimetin da na yi a barikin Dutse ba, farkon zaman Turawa. Ku masu koyon aikin kuku, ku saurara. Lokacin ina dafa wa wani ƙaramin Di'o, wato Baturen da ake turowa rangadi daga Kano. Mai Lofe ake ce masa. A garin kaf ni da shi kaɗai ne Kiristoci, shi ɗin ma ban taɓa ganin ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ba sai in zai danne takardu kada iska ta kwashe.

Ƙa'idar aikinmu a lokacin ita ce, in Bature ya kore ka ba takardar shaida, to kai da kuku har abada, babu mai sake ɗaukarka. Ni kuwa ban iya komai ba sai girki.

Wata biyu ina kiwata masa talotalo. Ana jibi biki, Baba Sarkin Bariki, dattijon da ke kula da masaukin, ya tambaye ni dalilin wannan gata. Ni da bakina ba linzami, na ce, "Baba, jibi sallarmu ce."

Ya ce, "Sallah guda, ku biyu rak? Haba!" Ya tafi yana girgiza kai.

Ranar ashirin da biyar ga Disamba, Baba ya yanka mini talotalon da safe, na gasa shi ya yi jawur. Mai Lofe ya hau doki ya fita shan iska, ya ce ƙarfe ɗaya zai ci. Fitarsa ke da wuya sai ga akushin tuwon shinkafa daga gidan hakimi. Can sai na liman. Sai ƙwaryar kindirmo daga rugar Arɗo. Ashe Baba ya zaga gari ya faɗa wa kowa.

Ni dai uwata ba ta koya mini mayar da kwanon mutane wayam ba, balle ranar da sallar tamu ce. Na dubi talotalo, na ce fiffike ɗaya wa zai lura? Na yanke wa hakimi. Liman kuma ai ba a ba shi abin da ya gaza haka, na ba shi cinya, na juya tsuntsun ta ɓangaren da ke da lafiya. Sai ga waina, ga dambu, ga fura, kowane mai kawowa ya tsuguna yana jiran kwanonsa. Kafin azahar babu sauran ɓangare mai lafiya. Abin da ya tsira kawai wani baƙin abin zaƙi na gwangwani da uwarsa ta aiko masa daga Ingila, shi ma don warin giya yake yi, ba na kai wa Musulmi ba.

Mai Lofe ya dawo ya zauna. Na ajiye faranti a gabansa. Ya ɗaga murfi, ya tarar da wuya da ƙashin ƙirji a zaune kan dankali.

"Kuku, ina tsuntsu?"

"Ranka ya daɗe, ya shiga gari."

Fuskarsa ta fi talotalon ja. Ya ce in ɗaure kayana, takarda kuwa kada ma in tambaya. Na ce a raina tunda korarre ne ni, bari dai ya ci wani abu. Na shiga jido abincin da aka kawo ina jerawa, teburi ya cika har ƙasa, ina faɗin gidan da kowanne ya fito da yankin talotalon da na mayar musu a kwano.

Ya ce, "Me suke so a wurina?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Sun ji muna sallah mu kaɗai ne."

Sai ya jawo wani akushi da ya iso bayan talotalo ya ƙare, ya kama yankan tuwon dawa da wuƙa da cokali mai yatsu, miyar kuka na bin gashin bakinsa. Da ya share shi tas, ya leƙa ciki ya ce, "Wannan ma ba a mayar da shi haka?" Na ce ba a yi. Ya tashi da kansa ya juye sukarinsa duka a ciki. Shayi ba zaƙi muka yi ta sha har muka koma Kano, bai kuma sake tayar da maganar kora ba.

A ranar na gane abin da muke biki a kai. Almasihu baƙo aka haife shi a garin da ya rasa masauki, makiyaya ne suka fara zuwa gaishe shi. Yanzu ina ganin jikokinmu, Kirsimeti ya zama ɗinki da takalma, a kulle ƙofa a cinye kaza kada maƙwabci ya ji ƙamshi. Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Kukun da bai san wa ke bakin ƙofa ba, bai gama koyon aiki ba.

Da aka ɗauke Mai Lofe daga Kano, ya ba ni takardata. Na kai wa wani akawu ya karanta mini. Wai kuku ne mai gaskiya, a ɗauke shi ba fargaba, amma in Kirsimeti ya matso a sayi talotalo uku.