Buhun Mama Rahila

Jiya da la'asar hadari ya tare ni a unguwar Kinkinau, na fake a rumfar wani mai shago. Yayyafi na farawa sai ga wata mata ta fito da bokitin shara, ta nufi kwata. Kun dai san halinmu, ruwa na saukowa kowa ya juye tasa a ciki.

Ashe akwai mai jiranta. Mama Rahila ce, tsohuwar malamar firamare da gidanta yake can ƙarshen gangaren layin. Tana tsaye da lema, ta buɗe bakin wani tsohon buhu.

"Zuba min a nan, 'yata."

"Haba Mama, ai ruwa zai tafi da ita."

"Zai tafi da ita, amma ba ya nisa. Ɗakina yake sauke ta. Bara da kwatar ta toshe, katifata da hotunan marigayi maigidana duk sun tafi. Tunda dai wurina za ta zo, gara in karɓe ta a bushe."

Matar ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama," ta juya da bokitinta cike.

Kullum rediyo na maganar shirin gwamnatin tarayya na tare bala'i tun kafin ya auku. Allah Ya sa ya iso layin nan, don buhu ɗaya ba zai tare damina ba.

Ku fa, a layinku ɗakin wa shararku take kwana?