Jan Zani a Kan Katanga

Jama'a a gyara zama, mai tauna gyaɗa ya dakata. Yau za a gabatar muku da Shugabar Gidan Rediyon Cikin Sif, Babbar Darakta, Injiniyar Sauti, kuma mai shara da wanke-wanken ma'aikatar baki ɗaya: Ramotu matar Ndanusa, uwar Kausar da Khairunnisa, wadda muryarta ta je Mashegu, ta je Bobi, ta je Ibeto, alhali ƙafarta ba ta cika wuce bakin ƙofa ba sai in gishiri ya ƙare. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma wannan ba zai sa in rage mata komai ba.

Sana'arta magana. Ku kuna yin taku a banza a bakin mai shayi, ita tata aiki ce. Ƙungiyoyi ne ke turo mata rubutu ta waya, ta karanta da muryar nan tata mai sanyi, ta naɗa, ta mayar musu, su kuma su watsa wa manoma da mata a wayoyinsu. In ka taɓa ɗaga waya ka ji wata baiwar Allah tana roƙonka ka shanya wakenka ya bushe ƙayau kafin ka zuba a buhu, to ka gaisa da Ramotu.

Inda take naɗar muryar shi ne abin kallo. Sif ɗin rataye kayan da aka kawo ta gidan da shi, nan ne ofis. Ta ce tufafi suna shanye amsa-kuwwa. Sai ta kashe fanka, ta shige tsakanin atamfofinta da kaftanin Ndanusa, ta zauna a kan kujerar tsugunno, ta jawo murfin. In ta fito bayan minti ashirin, sai ka rantse daga tukunyar dambu aka sauke ta.

Abokan gabanta uku ne. Zakaran gidan, wanda bai san asuba daga azahar ba. Khairunnisa, 'yar wata tara, wadda ita da sauƙi, in ta sha nono ta yi barci shi ke nan. Sai babbansu, injin markaɗen Christiana, maƙwabciyarsu ta bayan katanga, wadda kowa ke kira Maman Haggai. In aka ja igiyar injin nan, har cokulan Ramotu rawa suke yi a kwando.

Da farko waya take buga mata, to wa zai ji ƙarar waya a gaban wannan dodo? Sai suka yi yarjejeniya irin ta mata masu hankali. Ramotu tana da wani jan zani, ja wur, wanda ko daga nesa ido ba ya tsallake shi. In ta rataya shi a kan katanga, Maman Haggai ta kashe inji. In ta janye, a ci gaba da markaɗe. Shekara biyu ana haka, ko musu bai taɓa haɗa su ba. Har matan unguwa sun saba, in suka hango ja sai su ajiye bokiti su buɗe hira.

To, ranar wata Alhamis ta ƙarshen damina aka yi wadda aka yi. Wata ƙungiyar manoma daga Abuja ta turo mata saƙonni goma a kan adana wake, ta ce a mayar kafin ƙarfe huɗu na yamma. In sun yi kyau, ita ce muryarsu har kakar baɗi. In ba su yi ba, akwai wata a Kaduna mai ɗakin naɗar sauti na gaske, da na'urar sanyaya ɗaki da komai, tana jira. Ramotu kuwa tun bara take addu'ar irin wannan aiki mai ɗorewa, don ta huta da jiran tsammani.

Ndanusa ya tafi Mashegu sayen doya tun da safe. A gidan akwai baƙuwa, mahaifiyarsa, Nna, wadda ta zo kwana biyu da suka wuce. Tsohuwa ce da ba ta iya zama haka kawai. In ba ta sami abin gyarawa ba, sai ta ɓata wani abu don ta gyara. Ramotu kuma ba ta taɓa yi mata bayanin sif ba. Da wane baki za ki gaya wa uwar mijinki cewa kina shiga cikin kayan ɗanta ki rufe kanki kina magana ke kaɗai?

Bayan azahar ta shayar da Khairunnisa, ta kwantar. Ta kifa wa zakara kwando. Ta ba Kausar, 'yar shekara shida, ƙuli-ƙuli biyu a kan ta yi shiru. Ta leƙa ta katanga, sai ga layin mata har bakin titi, ashe gobe suna a unguwar, kowa ta jiƙa shinkafar waina.

"Maman Haggai, yau fa sai haƙuri. Rabin awa kawai."

"Rabin awa? Maman Kausar, so kike matan nan su markaɗa ni a madadin tattasai? To, sa jan naki, amma ki yi sauri."

Ta rataya zani, inji ya mutu, ta shige sif. Saƙo na ɗaya, na biyu, na uku, suka tafi sumul. Tana tsakiyar na huɗu, daidai inda take cewa "ƙwari ba sa son buhun da iska ba ta shiga", sai duniya ta tashi. Tatatatata!

Ta fito a guje. Katanga fayau. Ga Nna a kan tabarma, ta ninke jan zani gida huɗu, ta ɗora a cinya tana shafa shi.

"'Yar nan, ga zaninki. Ya bushe tun ɗazu, kin bar shi rana tana cinye masa launi. Ku yaran yanzu ba ku san zafin kaya ba."

Ramotu ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. "Na gode, Nna. Allah ya ƙara girma."

Ta tsaya a tsakar gida da zani a hannu, agogon waya ya nuna uku saura kwata. In ta mayar da shi a bushe, Nna za ta sake kwashewa, wataƙila ma ta ɗauka raini ne. In ta tsaya bayani, kunya ta hana, lokaci ma ya hana. Idonta ya faɗa kan bahon wanki. Ta tsoma zanin tsamo-tsamo, ko matsewa ba ta yi ba, ta watsa shi a kan katanga yana ɗiga.

"Ashe da sauran datti a bakinsa, Nna," in ji ta, tana kallon ƙasa.

Inji ya sake mutuwa. Daga bayan katanga wata mata ta ce, "Kai, yau rediyon nan kamawa yake yana saki!" Aka kwashe da dariya.

Ramotu ta koma sif da lissafinta a kai. Ta san ranar garinsu Kontagora, ba ta wasa da jiƙaƙƙen zani, minti ashirin ya ishe ta ta busar da shi. Saƙo bakwai suka rage. Ta fara karatu kamar ana bin ta da bulala, sai ta ji muryar ta koma ta mai sanarwar tashar mota. Ta goge. Ta ja numfashi, ta share gumi da hannun kaftanin Ndanusa, ta sake daga farko, a hankali, yadda manomi zai ji kamar ƙanwarsa ce ke ba shi shawara.

Na biyar. Na shida. A na bakwai harshenta ya harɗe sau uku. Ta duba waya, minti ashirin sun wuce. Kunnenta ɗaya na kan muryarta, ɗaya na jiran tatatata. Shiru. Na takwas. Shiru. Na tara, na goma. Har ta saurari duka goman daga farko, ba zakara, ba inji, ba kowa. Huɗu saura minti takwas ta danna turawa.

Ta fito tana tangaɗi, ta nufi katanga don ta sallami matan mutane. Nan ta ja ta tsaya. Nna ce tsaye a gindin katangar, buta a hannun hagu, sabuwar tsintsiya a dama, tana tsomawa tana yayyafa wa jan zani ruwa. Kausar na gefe tana tauna ƙuli-ƙuli, fuskar nan kamar ba ita ta tona asirin ba.

"Nna..."

"Ke, rufe mini baki. Jikata ta gaya mini komai. Da kin faɗa tun farko, ai da kaina zan zauna a kan katangar. Kin gama, ko in ƙara ruwa?"

Abin da Kausar ta manta ba ta faɗa ba shi ne Maman Haggai ja kawai take dubawa, ba ruwanta da jiƙa ko bushewa. Tsohuwa ta ɗauka ruwan ne ke kashe injin, ta ƙarar da buta uku. Ramotu ba ta gyara mata ba, har yau kuma ba wanda ya gyara.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo daga Abuja: sun ɗauke ta, har suna tambayar wane ɗakin naɗar sauti take amfani da shi, don ba su taɓa jin wuri mai shiru haka ba. Ta aika wa Maman Haggai kwanon waina da miyar taushe. Nna kuma ta ƙara mako biyu a kan kwanakinta, ta ce aiki ya riƙe ta.

Da na gama rubuta wannan tarihi, na sami Ramotu tana tsince shinkafa, na tsaya na karanta mata tun daga Babbar Darakta har zuwa buta uku, da murya irin ta masu labaran ƙarfe bakwai. Na rufe littafi ina jiran tafi.

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Buta biyu ce. Matsa, ka tare mini haske."