Yaya Danladi da Taswirar Ƙarshen Zamani

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Danladi a garin Laurel na ƙasar Amurka, nesa da Kafanchan inda aka binne cibiyarsa. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai aikin asibiti ya cinye ni. Bana kuwa gajiya ce ta zaunar da ni na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya san Yaya ya san taswirarsa. Wata doguwar takarda ce da ya zana tun muna gida, ya jera abubuwan ƙarshen zamani kamar tashoshin jirgin ƙasa: Yahudawa za su koma ƙasarsu, a sake gina haikali a Urushalima, babban tsanani ya zo, sannan Almasihu ya dawo. Yakan ce Yahudawa su ne agogon Allah, mai son sanin lokaci ya dube su. Yana ƙaunarsu ƙwarai, alhali bai taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba.

Da ya zo Amurka ya sami aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Aka haɗa shi da wani dattijo, Mista Morris, wanda ya ƙare aikin gwamnati a ofisoshin Southwest Washington, daga baya shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ranar da Yaya ya gane Bayahude ne, nan take ya kira ni. "Talatu, yau na wanke ƙafar jikan Ibrahim!"

Wata shida yana yi masa wanka da aski, suna musu a kan ƙwallo. Wata rana da la'asar, yana yanke masa farce, ya ga lokaci ya yi. Ya ɗauko taswirar daga mota ya shimfiɗa a kan gado, ya bi ta tasha-tasha har inda aka nuna Yahudawa da yawa za su hallaka a tsananin, ragowar su ba da gaskiya. Tsohon ya saurara bai katse shi ba. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna hoton da ke bango.

"Jikata ce, tana can Isra'ila da 'ya'yanta biyu. Danladi, a zanen nan naka, tana cikin waɗanda za su mutu ne, ko cikin ragowar?"

Daga can Yaya ya tuƙo zuwa gidana a garin Bowie. Ya daɗe a cikin mota kafin ya shigo. Na zuba masa tuwo, bai taɓa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shekara ashirin ina koyar da wannan, ban taɓa tunanin suna da jikoki ba."

Kada mai karatu ya ɗauka ya bar bangaskiyarsa. Har ya koma ga Ubangiji yana jiran dawowar Almasihu, yana kuma gaskata cewa alkawarin Allah ga Isra'ila bai faɗi ba. Amma sanin hali ya fi sanin kama. Ya daina murna in labarin yaƙi ya fito daga can. Wata Lahadi a ajin nazarin Maganar Allah na cocinmu, wanda Yaya ke koyarwa, wani ɗan'uwa ya karanta labarin tashin bam, ya ce haleluya, annabci na cika. Yaya ya miƙe a hankali ya ce, "Ɗan'uwa, mutane ne suka mutu. Mu da muka tsere daga Kaduna ba mu so kowa ya yi haleluya a kan gawarwakinmu ba." Ba a kore shi ba. Mutane dai suka riƙa raguwa, har fasto ya roƙe shi ya huta, aka ba wani ajin. Abin ya ci masa rai fiye da yadda ya nuna, domin koyarwar nan ita ce darajarsa a ƙasar da ba wanda ya san shi sai a matsayin mai canza wa tsoho zanen gado.

Ya zauna da Mista Morris har ƙarshe. A maƙabarta iyalin suka miƙa masa shebur ya zuba ƙasa kamar ɗan gida. Bayan shekara biyu zuciyarsa ta tsaya yana shirin fita aiki.

Da yana raye yau, da me zai ce? Guruf ɗin cocinmu a waya ya cika da bidiyon masu wa'azi, kowa da alamarsa, kowa da lissafinsa. A asibiti akwai Dakta Bilkisu, 'yar Kano, wadda muka yi shekaru muna cin abincin rana tare. Ita tana kukan yaran Gaza, wata nas Bayahudiya a sashenmu tana kukan nata, ni kuma ina tsakiya da abin da aka koya mini tun ina ƙarama. Muna gaisawa, muna tambayar yara, muna kewaye maganar kamar rijiya marar murfi. Ciwon da ba a jikinka yake ba, daɗin fassara gare shi. Na gaji da masu fassara. Ina jin Yaya ma da ya gaji, sai dai shi da ya buɗe baki, ni kuwa shiru nake yi.

Ban san ko ya yi daidai a kan annabci ba, wannan ya fi ƙarfin nas irina. Bai mutu ya bar gida ba, bai bar almajirai ba, ajinsa ma an manta shi ne ya fara shi. A watan jiya matarsa, Anti Rifkatu, tana kwashe kaya za ta koma wurin 'yarta, ta ba ni wani ƙaramin littafin aljihu da yake addu'ar safe da shi. Sunaye ne kawai a ciki, shafi bayan shafi, waɗanda ya kwafo daga labarai duk lokacin da aka kashe mutane: na Yahudawa, na Larabawa, na mutanen ƙauyukanmu, a cakuɗe yadda suka zo masa. Yanzu yana cikin motata. Kafin in shiga aiki nakan karanta shafi ɗaya. Da yawansu ban iya furtawa daidai ba, amma ina karantawa.