Hajiyar da Muka Ƙirƙira

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ina ɗalibi a Alƙahira, ina zaune a unguwar Madinat Nasr. Larabcin titi ya zauna a bakina, sai na kama yi wa marasa lafiyar da ake kawowa daga gida tafinta. In tarbe su a filin jirgi, in sama musu masauki, in tsaya tsakaninsu da likita. Ina samun rufin asiri, amma idona ya rufe da son in zarce sauran masu wannan harka.

Wani abokina ya ce yanzu kasuwa a waya take, in nemi mai tsara min talla. Na samu wani marubuci a intanet. Ban taɓa ganinsa ba, ban san garinsu ba, ban kuma tambayi kowa a kansa ba, muryarsa kawai na sani, ga daɗin baki. Abin da ya fara turo min labarin wata Hajiya ne mai ciwon dajin hanta wadda likitocin gida suka sallama, wai na kawo ta Masar, cikin 'yan makonni ta miƙe garau. Har da hoton wata dattijuwa tana murmushi. Na kira shi na ce ban san wannan mata ba. Ya yi dariya ya ce kowa haka yake yi, ƙarfafa gwiwar marasa lafiya ne, har lada za mu samu. Raina bai kwanta ba, amma da hannuna na wallafa.

Cikin waɗanda labarin ya jawo akwai wani malamin firamare. Ya kawo matarsa mai irin wannan ciwo, tare da yayanta, wani ƙaƙƙarfan maƙeri mara yawan magana. A wani asibiti a unguwar Dokki likita ya duba ta ya faɗi gaskiya, ya ce ciwon ya ci ƙarfinta, a mayar da ita gida ta ƙarasa kwanakinta cikin iyalinta. Da mijin ya juyo yana kallon bakina, sai na ce likita ya ce a dage da magani da addu'a. Tsoro nake ji kada mijin ya ce to yaya aka yi Hajiya ta warke. Ba ta cika wata uku ba ta rasu, aka binne ta a Alƙahira, 'ya'yanta huɗu ba su ko ga gawarta ba.

Kwana biyu da jana'iza, bayan la'asar, na je masaukinsu a hawa na huɗu. Mijin ya zuba min shayi, ya buɗe wayarsa ya nuna min hoton dattijuwar. Cikin sanyin murya ya ce, “Malam, ka ba ni lambar Hajiyar nan. Ina so in ji me aka yi mata da ba a yi wa uwar 'ya'yana ba.” Na fara kame-kame, na ce lambar ta ɓace, na ce ta canja gari. Yayan ya tashi ya murza wa ƙofa makulli. Da na ga idonsa sai ƙarya ta ƙare min. Na ce, “Babu wata Hajiya. Rubuta ta aka yi.”

Maƙerin ya fara da maka min butar shayin, ruwan zafi ya kwarara daga kunnena zuwa ƙirji. Kafin in yi ihu ya damƙi wuyana ya riƙa buga kaina da bango, har jini ya rufe min ido. Na faɗi, ya ɗaga kujera ya sauke min, na tare da hannu, na ji ƙashin ya karye. Ya taka min baki, haƙora uku suka zube a kan dadduma. Daga nan ya ja ni a ƙasa zuwa baranda, ya ɗora cikina a kan ƙarfen, kaina a ƙasa, ina hango motoci suna wucewa. Na fara kalmar shahada. Mijin ne ya fizgo rigata ya dawo da ni ciki. Na zaci tausayi ne, sai ya durƙusa a kaina ya shiga dukan fuskata da wayar nan yana kuka, har gilashinta ya tarwatse. Ya ce, “Da ka bari ta mutu a ɗakinta, 'ya'yanta na riƙe da hannunta.” Sai da mai gadin gidan da maƙwabta suka ɓalle ƙofa aka raba mu.

A asibiti an tambaye ni wanda ya yi min haka, na ce daga bene na faɗo, don ba ni da bakin kai ƙara. Kafin a sallame ni sun koma gida. Na tura saƙonnin neman gafara har na gaji, ba amsa. Marubucin kuwa, da na faɗa masa abin da ya faru sai ya toshe lambata. Bayan 'yan watanni na ga labarin nan, da hoton nan, a shafin wani tafinta. Na gargaɗe shi, ya ce hassada ce.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan marubucin, amma shi ya rubuta ne, ni na sa sunana. Yau hannuna na hagu ba ya miƙewa sosai, tabon ƙuna yana wuyana, ban kuma taɓa ganin an zalunce ni ba. 'Yan uwa, duk wanda zai ɗauki mai rubutu a intanet ya bincika wane ne, ya nemi waɗanda suka san shi. In ya kawo maka abin da ka san bai faru ba, ka rabu da shi a ranar, komai daɗin alƙalaminsa. Akwai wanda zai karanta ya gaskata, ya ɗauko majinyacinsa ya zo ƙofarka. Allah ya jiƙan baiwar Allahn nan, ya sa mijinta ya yafe min kafin mu tsaya a gabansa.