Tukwanen Bayan Rumbu

Shekarar da aka buɗe ƙofar jam'iyyu, kowa ya samu bakin magana, aka aiko mai gidana garin Gidan Rumji koyarwa a lakol, wato makarantar boko. Ni kuwa ban daɗe da barin gidanmu na Gangara ba, lallen aure ma bai gama fita daga farcena ba. Muka samu haya a wani tsohon bene na ƙasa, wanda wani ɗan kasuwa ya gina tun zamanin da gyaɗa ke da daraja. Shi ya daɗe da rasuwa. Matarsa ce ta rage a ɗakin ƙasa, tsohuwa siririya mai tsagen Gobirawa, ba ɗa ba jika. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini matar mushe, don mushe ake ce wa malamin lakol a can.

Ɗakinmu na sama yana da baranda mai kallon yamma. Da sanyi abin sha'awa ce, kana zaune kana hangen amalanken jakuna suna shiga kasuwa. Da bazara ta kama, sai na gane dalilin da ya sa babu wanda ya riga mu ɗakin. Daga azahar bango zai ɗauki zafi, ko tafin hannu ba ka iya ɗorawa. Mai gidana bai san wannan ba. An rufe lakol saboda yajin aiki, shi kuma ya faɗa siyasa tsundum, kullum yana bayan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ya dawo muryarsa a dishe, ya fita tun ban share ɗaki ba. Da an canja masa mata a lokacin, ba na jin zai lura.

Na taɓa shiga gidan matar wani jandarma na ga ta jera shuke-shuke a ƙofar ɗakinta, wurin ya yi sanyi har ba ka son tashi. Ita ta gaya mini cewa duk abin da za a yi shuka a ciki sai an huda masa gindi, in ba haka ba ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Na fara da gwangwanayen tumatir. Rana ta dafa mini su tas, har ƙasar ciki ta yi tururi.

Lokacin Inna ta tafi Tibiri zaman jegon 'yar ƙanenta, ta bar mini gidan da kajinta. Ina neman inda wata kaza take ɓoye ƙwai na zagaya bayan rumbu, na tarar da manyan tukwane a kife, kowace an tsaga ta biyu daga baki zuwa gindi. Masu kauri ne, baƙaƙe, irin waɗanda ba a yi yanzu. Na ce a raina tsofaffi dai ba sa yar da komai, har fasassun tukwane ake wa wurin kwana. Na juya ɗaya na ga ta zauna kamar akushi mai tsawo, kai ka ce don shuka aka yi ta.

Ina hawa da su ɗaya-ɗaya sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga. Mai sayar da fura ce, kuma ita ake kira wankan gawa in mace ta rasu a unguwar. Ta yi salati a hankali.

"Matar mushe, Inna ta san da wanga aiki?"

Na ce, "Ai shara ce, ragewa nake mata."

Ta dube ni, ta dubi tukunyar da ke kaina, ta ce, "Allah shi kyauta." Ta sauke kanta daga katanga.

Na sa ƙusa da dutse na huda kowace a tsakiya. Na cika su da ƙasa da kashin awaki, na shuka ɗoɗɗoya da na'ana'a da barkono da alayyahu. A babbar cikinsu na shuka soso, na ɗaura masa igiya zuwa azara don ya yi mini inuwa.

Ban taɓa ganin shuka ta kama irin wannan kamun ba. A tsakiyar bazara, lokacin da ko bishiyar bedi, wato dogon-yaro, ta yi laushi, soson nan ya bi igiya ya rufe rabin baranda. Wurin ya yi sanyi, wani irin sanyi mai nauyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na yi murna, amma na lura ba na son juya wa tukwanen baya in ina tankaɗe, kuma ban san dalili ba.

Sai mutane suka fara canja mini. Ga-ruwan da ke hawo mini da ruwa ya iso baranda, ya tsaya da garwa a kafaɗa, leɓensa na motsi. Ya ce daga gobe a gindin matakala zai riƙa ajiyewa, ƙafarsa na ciwo. Dattawan da ke bi ta ƙarƙashin barandar zuwa masallacin la'asar suka koma bin ɗaya gefen hanya, kuma in sun zo daidai gidan sai hirarsu ta yanke. Ni duk na ɗora wa siyasa. Na ce ai unguwar ba jam'iyyar mai gidana suke yi ba, to su sha zamaninsu, ni ko ƙuri'ar ma ban san yadda ake jefa ta ba.

Inna ta dawo wata rana da hantsi. Na ji ta zagaya bayan rumbu. Can sai ƙarar sandarta a matakala, ita da ta ce mini rabonta da hawa benen tun mijinta na da rai. Ta iso tana haki, ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana kallon ganyen.

"Matar mushe, kin yi aiki," in ji ta.

Na fara washe baki. Ta miƙa sanda ta taɓa ta barkono. "Wagga ta sawu ce." Ta taɓa ta alayyahu. "Wagga ta gwiwa." Ta bi su a jere har ta zo kan babbar, mai soso, ta ajiye sandar ta dafa ta da hannu. "Wagga kau ta huska."

Na ce, "Fuskar wa, Inna?"

"Ku can gabas da icce kuke ruhe mamaci ko?"

A nan na gane abin da na taɓa. Mace ba ta zuwa maƙabarta, ni kuma a garinmu abin da na sani shi ne in an yi rasuwa maza su fita da gatari. Inna ta yi mini bayani a natse, kamar mai koya mini tuƙin tuwo. In an kwantar da mutum a ƙaramin rami, sai a kife tukwanen a kansa a jere, a liƙe da laka, sannan a tura ƙasa. Ta ce icce gara ke cinye shi. Mahaifiyarta da icce aka rufe ta, damina ɗaya tana wucewa zuwa gona ta hango wurin ya lotsa. Tun ranar ta ƙudura cewa ita ƙasa ba za ta zubo mata a fuska ba. Shekara da shekaru tana tara tukwanen nan daga hannun wata tsohuwar maginiya ta Sae Sabuwa, wadda ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Ba ta da ɗan da zai tsaya mata, shi ya sa ta tsaya wa kanta.

Tana magana hannunta na lalube ƙarƙashin babbar, inda ruwa ke ɗiga. Na ga lokacin da yatsanta ya samu hujin. Ta ciro yatsan ta duba laimar da ke jiki, ta goge a zane.

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tsoro ya kama ni, sannan haushi ya biyo baya: haushin mai fura, da ga-ruwa, da dattawan nan masu tsallaka hanya. Gari guda ya zuba mini ido ina shuka barkono a rufin kabarin mutum, an rasa mai buɗe baki, wai kunya. Na miƙe na ce yanzun nan zan juye su in wanke in mayar.

"Bar su," in ji Inna. "Huji dai ya huju. Na sawu da na gwiwa ban damu ba, a liƙe da laka. Ta huskar ce."

Na ce ai ita ma sai a liƙe.

"Maza cikin rana sauri su kai, ɗiyata. Wa za shi tsaya liƙin huji don tsohuwar da ba ta da kowa? In ma an liƙe, ruwan hwari ka wanke shi."

Ranar kasuwa na zagaye 'yan tukwane kaf. Duk ƙanana ne, marasa kauri, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ƙwarya. Masu sayarwa suka ce maginan sun koma sharar gona, babba irin wadda nake nufi sai dai a sa a gina bayan kaka. Na dawo na gaya wa Inna. Ta ce, "Bayan kaka," ta yi 'yar dariya, ta ci gaba da tsince wakenta.

Daga ranar ta mayar da barandar wurin hutunta. Kullum bayan azahar sai ta hawo, ta shimfiɗa tabarma a gefen jeren tukwanen, ƙafarta wajen barkono, kanta wajen soso. Ta kwanta kan hannun dama ta fuskanci gabas, ta miƙe sambal, ta ja mayafi har ka. A waje motocin jam'iyyu suna wucewa da lasifika da kiɗa, a nan kuwa ko ƙuda ba ya tashi. Ina zaune bakin ƙofa da tsintsiya ko faifai a hannu, idona na kan mayafin, ina jira in ga ya motsa. Wani lokaci sai na gaji in kira ta. Ta amsa daga ciki, "Ina nan tukuna."

Wata rana ta buɗe fuska ta shaƙi ƙamshin ɗoɗɗoya ta ce, "Ba kowa ka ganin ruhin kabarinai ya yi ganye ba." Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na so in gaya wa mai gidana, amma duk lokacin da na fara sai in tarar ya yi barci a zaune.

Inna ta rasu da safe, ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas bai zuba ba. Kajin ne suka dame ni da kuka don ba a buɗe musu ba, na sauka na same ta a kan buzun sallarta. Na kira mai fura. Kafin rana ta ɗaga maza sun taru a zaure, mai gidana kuwa yana can wani ƙauye ba a san wanne ba.

Dattawan nan da ke tsallaka hanya su ne suka hawo benen. Na shige ɗaki na tsaya bayan labule. Suka riƙa juye tukwanen a ƙasa, barkono da na'ana'a da komai. Da suka zo kan babbar sai ta ƙi ɗaguwa. Saiwar soso ta bi ta hujin ta yi kauri ta kama daɓen baranda. Wani ya sa ƙarfi ya fizga, na ji ƙas. Ta rabe gida uku.

Sai wani ya ce, "Ba komi, a sara icce a cike wurin kai. Rana tana yi."

Ban san lokacin da murya ta fito mini ba. Amarya ce ni, baƙuwa, ban taɓa ɗaga murya gaban dattawa ba. Na ce daga bayan labule, "Baba, wallahi ba za a sa mata icce a fuska ba."

"Ɗiyata, mamaci bai san wannan ba."

Na ce, "Ni na sani."

A ƙuryar ɗakina akwai randar da mahaifiyata ta sa aka gina mini ta aure, babba, mai kauri, ruwanta kamar na rijiya. Na tura ta da ƙafa da hannu na karkata, ruwan ya malale ya bi ta ƙarƙashin labule ya jiƙa musu sawu. Na mirgino ta bakin ƙofa na koma ciki. Na ji suna shawara ƙasa-ƙasa. Daga nan wani ya ja mata layi da bakin wuƙa, ya bi layin yana ƙwanƙwasawa a hankali da ƙotar gatari, har ta buɗe biyu ba tare da ta ɓantare ba. Suka ɗauki rabi suka sauka da sauran.

Na fito na tarar da barandar duk laka, soso a kwance ya fara yaushi, rana ta dawo inda take. Ban iya kuka ba, zama kawai na yi.

Da aka fita da gawar Inna, mai fura ta hawo, hannuwanta na ƙamshin turaren gawa. Ta tsallake ganyen, ta sunkuya ta ɗauki rabin da ya rage, ta juya shi ta duba ciki da waje, ta ƙwanƙwasa da yatsa ta saurara. Sai ta ɗaga shi daidai fuskata, yadda ake gwada wa yarinya ɗankwali, har na ji sanyin ruwan da ya sha yana bugun goshina, haske ya ɗauke mini.

Ta sauke, ta jingine shi a bango, ta ce, "Ya yi miki daidai. Ki aje."

An canja wa mai gidana wurin aiki sau da yawa bayan wannan, mun zauna Gazawa, mun zauna Agye. Na yar da kaya iri-iri a hanya, har gadon aurena na bayar. Rabin randar nan kuwa a cinyata yake tafiya, naɗe da zane. Yarana sun tashi suna ganinsa a bayan ɗaki, sun ɗauka shirgin tsofaffi ne, ni kuma ban ce musu komai ba. Bara da bazara na kira babbar 'yata, na kai ta wurin, na gaya mata ko na mene ne.