Lambar Sirrin Malam Haladu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsugune ina alwalar La'asar a ƙofar gidana a Limawa, maƙwabcina ya tsaya a kaina ya ce Malam Haladu na ɗakin kwamfuta ya rasu a Ringim, har an kai shi makwancinsa. Na ajiye butar.

Shi ya haɗa kwamfutoci uku na farko a asibitin da nake aiki a Dutse, a shekarun da aka fara shari'ar Musulunci. Ni ma'aikacin ɗakin kati ne, a hannunsa na koyi shigar da sunayen marasa lafiya. Kowace Alhamis sai ya kwafe aikin mako a faifai biyu, ɗaya a durowarsa, ɗaya a ofishin babban likita. "Faifai ɗaya ba ajiya ba ne," in ji shi. Ya ba kowannenmu lambar sirri, ya hana mu rubuta ta a tafin hannu ko a bayan kalanda. Muna tsokanarsa da Malam Kwaɗo, sai ya yi murmushi ya ce, "Gara kwaɗo da ƙofa a hangame."

Sakamakon gwajin ƙanjamau kuwa da lambarsa kaɗai ake buɗewa. Sau ɗaya ya karya dokarsa. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo a Ringim, zai tafi duba ta, ya ja ni gefe ya faɗa mini lambar don kada aiki ya tsaya. Ya ce, "Amana ce, Garba."

Washegari kawuna, yayan mahaifiyata, ya shigo ofis. Ya ga maƙwabciyarsa, wata mai waina a Yalwawa, tana fitowa daga ɗakin gwaji.

"Ɗana, duba mini kawai. Iyalina wainarta suke ci."

"Kawu, a yi haƙuri, an hana."

"Ni za ka ce wa an hana? Ni da na yanka ragon sunanka?"

Na buɗe. Kunyar babba ta fi mini nauyi a kan haƙƙin baiwar Allah da ba ta san ina yi ba. Kawu ya ga tana ɗauke da cutar, ya baza labarin. Kafin Juma'a babu mai tsayawa a gaban tandarta, bayan wata guda ta tattara 'ya'yanta ta bar unguwar.

Ɗan'uwanta ya kawo ƙara, aka kafa kwamiti. Malam Haladu da kansa ya nuna musu cewa na'urar tana rubuta duk wanda ya buɗe ta, ga sunansa nan ɓaro-ɓaro. Suka tambaye shi ko ya ba wani lambarsa. Ya ce, "Lambata ce. Wanda ya saki mabuɗi shi ya buɗe ƙofa." Suka matsa, ya ƙi ƙara ko kalma. Ina zaune a ƙarshen benci, bai ko dubi inda nake ba.

Aka cire shi, aka tura shi wani ƙaramin asibiti kusa da Ringim yana tsaron ɗakin ajiya. Kujerarsa kuwa ni aka ba. Wallahi na karɓa. Har ya aiko mini da littafin da yake rubuta dabarun gyara, babu ko layi ɗaya na gori a ciki. Kowace salla ina cewa zan je in nemi yafiyarsa, kowace salla ina samun uzuri.

A zaman makoki na ji wani a bayana yana cewa, "Allah ya jiƙansa, ko da yake shi ya tona asirin matar nan." Babban ɗan marigayin ya ji, ya sunkuyar da kai. A nan ma bakina ya mutu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Jama'a, ku shaida: Malam Haladu bai tona asirin kowa ba. Ni ne na buɗe, ni na nuna.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Haladu, ka haskaka kabarinsa, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa wanda bai cancanta ba. Ka ba maiɗakinsa da 'ya'yansa haƙuri, ka ɗaga kawunansu. Ka saka wa baiwarka mai waina, duk inda take. Ni kuma ka ba ni kwanan da zan kai kaina ƙofar gidajen nan biyu, amin.