Katunan Adil da Dutsen Tanko

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, a wani lungu da mota ba ta shiga, kuma har na kai shekara goma ban san wani wuri da ya kai gefen murhun kakata daɗi ba. Iya Hajja muke ce mata. Da ƙafa ta baro ƙasar Kano tana amarya, ita da kakanmu, suka ratsa Sudan, suka sauke farali, suka zauna a Makka. Sana'arta gyaɗa. Da an idar da magariba sai ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora kasko da yashi, ta hau suyar da za ta kai bakin titi da safe. Wutar ta sana'a ce, amma mu jikoki da yaran maƙwabta muka mai da ita ta tatsuniya. Tana juya gyaɗa tana ba mu labari har a kira isha.

A wannan zama ina da matsayi. Ni ne babban jikanta namiji a gidan, don haka ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika. Wurina dama da ita, mafici a hannuna, kuma gyaɗar farko da za ta ɗebo don a ɗanɗana a tafina take sauka. Ban taɓa tunanin abu ne da za a iya karɓewa ba.

Wani hutun zafi a tsakiyar shekarun sittin, Baffa Isa, ƙanen babana, ya turo ɗansa Adil ya yi hutu a wurinmu. Baffa direba ne a kamfanin mai can gabas, a Zahran, inda Amurkawa suke da unguwarsu. Sa'ana ne Adil, amma ya iso da abubuwan da ban taɓa gani ba: takalmin roba fari, hula mai baki, wata safar hannu ta fata da ta fi fuskarsa faɗi, farar ƙwallo mai jan ɗinki, da damin katuna ɗaure da roba. Hausarsa a karye take, rabi Larabci, kuma Sitti yake ce wa Iya. Daren farko ya tsaya daga nesa yana kallonmu. Iya ta ɗaga kai ta ce, "Sani, matsa can. Na yi sabon miji, mai takalmi." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, na matsa. Gyaɗar farko ta sauka a tafinsa.

Iya ce ta tambaye shi hotunan su waye a katunan, ko malamansu ne. Ya ce 'yan wasa ne, wasan Amurkawa da ake kira besbol, a cikin cingam katunan suke zuwa, yaran Amurkawa suka ba shi. Ya yi mana bayani da hannu da ƙafa: wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da sanda ya ruga, ya zagaya tashoshi ya dawo inda ya tashi. Sai ya soma ɗaga katunan ɗaya bayan ɗaya a hasken wuta, kuma kowane mutum da abin da ya yi a duniya, Adil ya haddace kamar karatun allo.

Ya nuna mana wani da ake cewa tun da aka fara wasan ba a yi mai gudunsa ba, gwaninta tasa satar tasha. Iya ta ajiye ludayi ta tambaya ko ɓarawo ake yi wa tafi a garin nan, yara suka faɗi ƙasa don dariya. Ya ba mu labarin wani tsohon gwani mai tumbi da ke cilla ƙwallo bayan fili fiye da kowa, da wani da ya yi shekara da shekaru bai yi fashin wasa ko ɗaya ba sai da ciwo ya kayar da shi. Akwai wani bahago mai jifa da yakan gama wasa sukutum ba wanda ya ci riba a kansa, kuma da babban wasa ya faɗo ranar ibadarsu sai ya ƙi fita fili. Iya ta ce wannan ɗan mutanen kirki ne. Da Adil ya zo kan baƙar fatan da ya fara shiga babbar gasar, ana zaginsa daga kujeru yana haɗiyewa yana wasansa, sai duk muka matso kusa da shi. Mu da ake kira Takari a titi mun san ɗanɗanon wannan. Iya ta karɓi wani katin mai hoton baƙin mutum ta daɗe tana dubawa, har gyaɗar ta soma ƙauri.

Daga ranar tatsuniya ta kwanta. Kullum sai dai a ce Adil ya kawo katuna. Yaran da ke roƙona in maimaita musu waƙoƙin tatsuniyar Iya suka koma tambayar wa ya fi wa bugu. Ni ma na so in ji, wannan shi ne abin haushin. Ina zaune nesa, na juya baya kamar ina gyaran takalmina, amma kunnena yana wurin, kuma duk abin da ya faɗa sai na haddace ba da sona ba. Da ya yi kuskuren Hausa sai in gyara masa da ƙarfi, shi kuma ya ce shukran, ya maimaita daidai, Iya ta yaba masa.

Abin bai tsaya a gida ba. Akwai wani fili a bayan lungunmu inda masu ɗaukar ruwa ke hutawa. Adil ya samo karyayyen sandan tanti da aka dawo da shi daga Mina, ya jera duwatsu a matsayin tashoshi, ya raba mu gida biyu. A unguwarmu ba wanda ya kai ni jifa. Gwangwani a kan katanga, daga nesa nake sauke shi. Sai na ce ni zan jefa, a raina ina cewa yau za a san wanda ya riga wani zama a unguwar. Na jefa, ya make. Na ƙara ƙarfi, ya cilla ta kan rufin maƙwabta. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, kuma kowace yamma yara na raka shi gida suna kiran sunansa, ni ina baya da ciwon kafaɗa. Na lura ba ƙwallon nake kallo ba in zan jefa, haƙarƙarinsa nake kallo, ina auna yadda zai durƙusa in ta same shi a nan. Na daina cin gyaɗar Iya, na ce cikina ke ciwo.

Ban san abin da Iya ta gani ba, ba ta tambaye ni komai ba. Wata yamma dai Adil ya kwance robar katunansa sai ta ce ya mayar, yau daren tatsuniyarta ne. Ta ce, "Ga ta can ta iso bakin ƙofa." Muka ce ta shigo ta sha ruwa.

Ta ce a wani gari an yi samari biyu abokai, Jatau da Tanko, maƙwabtan juna, dukansu gwanayen jifa. Duk shekara bayan an kai amfanin gona gida sai a taru a gindin wata doguwar goruba, a rataya ƙwarya a can sama, wanda ya fasa shi ne sarkin jifa. Tanko ya iya, amma Jatau ya ɗara shi kaɗan, kuma kullum da wannan kaɗan ɗin yake cinyewa. Makaɗa su yi wa Jatau kirari, Jatau ya raba goron da ya samu biyu ya ba Tanko rabi, Tanko ya kai gida ya zuba wa akuya.

Da abin ya ishe shi sai ya shiga daji wurin wata tsohuwa mai ba da sa'a, ya ce hannu yake so da ba ya kuskure. Tsohuwar ta ba shi dutse guda, ta ce in ya jefa zai dawo masa da kansa, kuma ba ya taɓa saɓa wa ido, duk inda ido ya sauka nan zai sauka. Tanko ya gwada a hanya, ya kalli ɗan tsamiya ya sauke, ya kalli tsuntsu ya sauke. Ranar taro ta zo, ya tsaya ya kafa wa ƙwarya ido, ya ɗaga hannu. Amma daidai lokacin da dutsen zai bar yatsunsa sai ya so ya ga yadda fuskar Jatau za ta yi. Ya saci kallonsa, dutsen ya bi idon, ya karya wa Jatau hannun dama.

Iya ta koma juya gyaɗa. Wata yarinya ta tambaya ko an kama Tanko. Iya ta ce, "Wa zai kama shi? Kowa ya ɗauka tsautsayi ne. Sarauta ma suka ba shi."

Ta ce shekara ta zagayo Tanko ya fasa ƙwarya, ta sake zagayowa ya sake fasawa. Jatau kuwa hannu bai koma daidai ba, ya bi fatake ya bar garin. Tun mutane na zuwa kallo har suka rage, don an san wanda zai ci. Shi kansa Tanko in ya fasa sai ya waiwaya wurin da Jatau ya saba tsayawa, ya ga ba kowa, ya ji ƙwaryar ba ta fi kowace fasasshiyar ƙwarya ba. Daga ƙarshe ya saki dutsen cikin rijiya ya kama noma, in yara sun tambaye shi labarin jifa sai ya ba su na Jatau. Iya ta kakkaɓe yashin hannunta ta ce nan tatsuniyar ta gaji ta kwanta, kowa ya tashi ya yi alwala.

Adil bai gane rabinta ba, ya yi ta tambayata mece ce goruba. Ni kuwa fuskata zafi take yi, ba na wuta ba. Iya ba ta kalle ni ko sau ɗaya ba, sai da zan wuce ta miƙo mini mafici ta ce gobe in zo da wuri, sabon mijin bai iya fifita ba.

Washegari a fili na sa wani yaro ya tsuguna bayan Adil da safar nan ta fata, na tilasta wa idona ya tsaya a tsakiyar safar. Da wuya, don fuskar Adil tana nan gefe tana jana. Na jefa, ya kai duka ya sami iska. Na sake, ya sake samun iska. A ta ƙarshe sandan ma ya kuɓuce masa. Na tsaya ina jira in ga ya ɓata rai, wannan kaɗai nake so. Sai ya rugo ya rungume ni yana ce wa yara wallahi ɗan'uwansa da a Amurka yake da an buga hotonsa a kati. Na koma gida da haushi sabo, don na ga ko faɗuwa ya fi ni iyawa.

Hutu ya ƙare ya koma gabas. Na koma dama da Iya, ta ci gaba da tatsuniyoyinta har shekarar da ta rasu. Adil ya yi karatu, kamfanin ya tura shi waje, ya dawo injiniya. Ni na ja tasi tsakanin Makka da Jidda, daga baya na buɗe shago a unguwar Kudai. Ba mu taɓa faɗa ba. In ya zo umra a gidana yake sauka, kuma duk zuwansa sai na auna motarsa, da agogonsa, da makarantun 'ya'yansa. Na daɗe ina ɗauka darasin Iya guda ne, kada ka cuci wanda ya fi ka, kuma na kiyaye, ban taɓa cutarsa ko da baki ba. Ƙarshen tatsuniyar, inda Tanko ke waiwaye, ina ganin ƙari ne kawai don gyaɗa ta ƙarasa soyuwa.

Bara Adil ya rasu, aka yi masa salla a Harami, ni na sauka cikin kabarin na karɓe shi. Bayan wasu watanni autata ta kammala karatun likita. Ranar da ta shigo da labarin, gida ya cika da guɗa, na tashi na shiga ɗaki na ɗauki waya. Har na tsara yadda zan faɗa wa Adil, a ƙarshen hira, da muryar wanda abin bai dama ba. Sai da sunansa ya fito a fuskar wayar na tuna. Na zauna a bakin gado na daɗe, ana ta kirana daga falo in zo a ɗauki hoto.